Da Wa Ya Yi Kama?

"Mai lamba goma sha ɗaya ya shigo."

Ko ɗago kai bai yi ba, yana ta rubutu a fayil ɗin wanda ya fita. Sai da ya ji an fizgi kujera har ta yi ƙara a kan tayil sannan ya duba. Biro ya suɓuce masa.

"Auta? Me kike yi a nan?"

"Layi na bi kamar kowa." Ta dangwarar da 'yar takardar lamba a kan teburinsa. "Awa biyu ina kan bencinku, Likita. Na lura masu lamba kaɗai kake saurara, shi ne na karɓo tawa."

Likita kowa yake ce masa, daga danginsa har nata, alhali bawan Allahn nan ko allura bai iya yi ba. Aikinsa a wannan cibiyar ba da shawara shi ne ya zauna da masu damuwa, ya saurare su, ya koya musu dabarun lallashin zuciya. Kuma ya iya, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Da wannan sanyin bakin ya sace zuciyar Auta har ta aure shi, da shi kuma yake nema ya kashe ta da ranta tun da suka rasa ɗansu a ciki wata takwas. Yau wata biyar ke nan.

Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna, ya haɗa tafukan hannunsa a kan tebur.

"Na ga alama ranki a ɓace yake."

"Ashe ka gani? Sannu da ƙoƙari."

"Masoyiyata, bari mu ja numfashi tare. Mu ƙirga zuwa huɗu, sai mu..."

"Wallahi ka ƙirga ko ɗaya sai na kife teburin nan."

Ya yi shiru. Shirun ma na aiki ne, ta san shi sarai, irin wanda yake yi don mutum ya gaji ya amayar da abin da ke cikinsa.

Babu abin da bai kawo mata gida ba. Ya sayo mata littafi, wai kullum ta rubuta abu uku da take godiya a kansu. Ya tsara mata tattaki da safe. Har lokacin kuka ya ware mata, minti goma sha biyar da ƙarfe biyar na yamma, wai kada damuwa ta cinye mata yini. Gaskiya ɗaya ce, sun yi mata amfani, barcinta ya dawo, ta koma cin abinci. Amma ita kaɗai take rubutun, ita kaɗai take kukan, shi kuwa yana bakin ƙofa yana duba agogo. Miji take nema a gidan, kullum ma'aikaci take tararwa.

"Akwatina yana cikin motar Yaya a waje," in ji ta. "Rabin awa ta ba ni daga shigowata ofishin nan. In na fita ƙofar nan yadda na shigo, gidan Baba zan wuce, kuma ba hutu zan je ba."

Muryarsa ta fito sumul kamar kullum.

"Kina da 'yancin neman sarari, ni kuma zan mutunta..."

"Yau ni zan yi tambaya, kai ka amsa." Ta gyara zama, ta haɗa hannuwa irin nasa, ta kwaikwayi muryarsa tsaf. "Daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ba baƙin cikinka?"

"Auta, ba ni ne abin dubawa ba. Ke kika sha wahala."

"Ni kaɗai na yi cikin?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To ga mai sauƙi. Da wa ya yi kama?"

Fuskarsa ta canja nan take.

Ita ba ta ga yaron ba. Aiki aka yi mata, jini ya ƙi tsayawa, ba ta farfaɗo ba sai washegari, lokacin an riga an kai shi makwancinsa. Yaya tana hanya a ranar, Baba kuma bai iya shiga ba. Duk cikin dangi mutum ɗaya ne ya rungumi yaron ya kalli fuskarsa, kuma ga shi nan zaune yana gyara kwalin tishu.

"Sau nawa na tambaye ka? Kullum sai ka ce ba yanzu ba."

"Ina gudun kada ya dawo miki da ciwon ne."

"Ya dawo? Ina ya je da zai dawo?" Ta dafa teburin, ta matso gaba. "Wata takwas yana shurina. Na san lokacin barcinsa, na san ba ya son in kwanta ta hagu. Fuskarsa kawai ban sani ba, kai kuma ka ƙulle ta a cikinka ka hana ni. Wa ya ba ka wannan ikon? Takardar makarantarka?"

Ya turo mata kwalin tishun a hankali.

Nan zuciya ta zo mata wuya. Ta kai wa kwalin mari, ya daki bango ya faɗi. Ta miƙe ta saɓi jakarta.

"Na gode da shawara, Likita. Kira na sha biyu."

Hannunta yana kan mariƙin ƙofa ta ji an daki tebur a bayanta, dukan da ya sa kofin birurruka ya tuntsure.

"Ni na kashe shi!"

Ta juyo. Shekara huɗu suna tare, ba ta taɓa jin muryarsa ta kai haka ba. Yana tsaye, idanunsa sun kaɗa jawur, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kin ce min tun safe bai motsa ba. Me na ce miki? Na ce fargaba ce irin ta cikin fari. Na zaunar da ke a bakin gado na koya miki jan numfashi, Auta. Ina ƙirga miki ɗaya, biyu, uku, ɗana yana mutuwa! Sai washegari na kai ki asibiti. An ce min wai ko da mun zo da wuri ba lallai ba ne... ba lallai ba! Wa zai iya rayuwa da ba lallai ba? Kullum in zo nan in ce wa mutane su yafe wa kansu, ni ko madubi ba na son kallo. Kina so in faɗa miki kamanninsa? In na buɗe baki, me zai hana ki tsane ni?"

"Ka ɗauka na manta ranar ne?" Ta saki jakar ta faɗi ƙasa. "Na ji haushinka. Har yanzu ina ji, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ji haushin kaina ma da na yarda da kai na kwanta. Amma da ka zo min da wannan fuskar tun ranar farko, da mun yi faɗanmu mun yi kukanmu. Sai ka zo min da littafi."

"Shi kaɗai na iya."

"Ƙarya ne. Ga shi yanzu ka iya wani."

Ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da teburin, wani irin kuka ya ƙwace masa, mummuna, marar tsari, irin na wanda bai saba ba. Auta ta tsaya a kansa tana huci. Haushin bai tafi ba, yana nan daram a ƙirjinta, sai dai yau ta samu wanda za ta ji haushin nasa yana gabanta da ransa.

Ta durƙusa, ta cire masa gilashin idonsa, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Kalle ni, abin ƙaunata. Da wa ya yi kama?"

Ya zuba mata ido.

"Da ke... bakin, haɓar, duk ke ce. Har ɗan gashin girar nan da yake haɗewa in kin yi fushi."

Ta toshe bakinta da bayan hannu, hawaye suka ɓalle.

"Kai fa? Bai ɗauko komai naka ba?"

"Yatsun ƙafa. Na biyun ya fi babban tsawo." Ya goge hanci da hannun riga. "Na buɗe zanen na ƙirga su. Goma cif."

Ta zauna dirshan a ƙasa kusa da shi, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, ta damƙe rigarsa tamau.

"Koma ka faro daga gashin kai," ta ce. "A hankali. Kada ka tsallake min komai."