Kujera da Kuraje

Ranar da ya fara ganinta, a tsaye take a kan benci, ta yi ɗage tana ƙoƙarin manna wata 'yar takarda rawaya a jikin fanka.

Auta ya zo ɗaukar mahaifiyarsa ne daga ajin manya da ake yi da yamma a makarantar firamare, bayan yara sun tashi. Ya makara, rigarsa duk maiƙo, don daga wajen gyaran firiji yake. Da ya leƙa ta taga sai ya ga aji kamar an yi ruwan takardu. Ƙofa da tata, allo da tasa, har tsintsiyar da ke jingine a lungu ba a bar ta ba. Kowace an rubuta mata sunan abin da manyan baƙaƙe.

"Malam, in karatu ka zo, an tashi," in ji budurwar ba tare da ta sauko ba. "In kallo ne kuma, ba ma yi."

"Autana ne, Malama," in ji mahaifiyarsa tana tattara jaka. "Kullum sai ya shanya ni kamar wanki."

Auta ya sosa ƙeya. "Ki sauko kada ki faɗi. Fankar ma ai ba ta aiki."

"Ba ta aiki, amma tana da suna."

Washegari ya zo tun kafin a tashi, da akwatin kayan aikinsa. Kafin matan su watse fanka tana juyi, takardar jikinta tana filfilwa. Malama ta yi masa godiya, ta kuma raɗa masa suna Ɗan Makara, duk da daga ranar bai sake makara ba.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mama Tela, ba mace ce ta wasa ba. Tana da shagon ɗinki mai kekuna a jere, da mata masu aiki a ƙarƙashinta, kuma in ta ɗaga gira kowa shiga taitayinsa yake. Sai dai ba ta taɓa shiga aji ba. Mijinta ne yake karanta mata komai, har Allah ya yi masa rasuwa. Bayansa, miƙa wa ma'aikatanta waya su karanta mata saƙon masu ɗinki ya zame mata ƙaya a wuya. Shi ya sa ta shiga ajin, amma a ɓoye. A shago cewa take za ta duba ƙanwarta.

Malama kuwa dabararta ita ce 'yan takardun nan masu gam a baya, waɗanda matan suka sa wa suna manne-manne. Takan raba musu su kai gida, su rubuta sunan tukunya su manna wa tukunya, na madubi su manna wa madubi.

"Littafi sai an buɗe shi," takan ce. "Wannan kuwa ko ba kya so sai kin gani."

In ta yi tambaya, kowa ta rubuta amsarta ta je ta manna a allo, babu suna. Wadda ta yi kuskure ba wanda ya san ita ce. A ɓare, a manna wata, shi ke nan.

Kafin a jima gidan su Auta ya cika da rawaya. Shi kuma zuciyarsa ta cika da Malama. Da sunan tambayar lokacin tashi ya karɓi lambarta.

"Malamata, ni ma ina son shiga aji. Akwai gurbi?"

"Ajin mata ne, Ɗan Makara."

"To a buɗe min nawa ni kaɗai. Na yi alkawarin ba zan yi fashi ba."

"Sai ka nemi izinin shugaban makarantar. A gidanmu yake, sunansa Baba."

Bai yi nauyin ƙafa ba. Ya je ya gaida mahaifinta, tsohon direban bas mai ƙarancin magana, wanda ya dube shi sama da ƙasa ya ce yana iya zuwa zance. Suka riƙa zama a barandar gidan da yamma, ƙannenta suna wucewa suna tari na ƙarya. Mama Tela ta ga take-taken ɗanta, ta yi kamar ba ta gani ba, amma ta fara tambayar Malama irin launin da take so.

Ana cikin haka wata safiya Auta ya fito zai karya, ya ga sabuwar takarda a bayan kujerar falo. Mama ce ta rubuta da hannunta, ba tare da ta kwafa ba. Maimakon KUJERA, ta rubuta KURAJE. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauki hoto ya tura wa Malama, da fuskokin dariya jere.

"Kalli aikin ɗalibarki. Yau a kan kuraje na zauna."

Amsa ta zo nan take.

"Goge hoton nan. Duk baƙaƙen suna nan, wuri kawai suka sauya. Mama ta yi ƙoƙari, ni ina alfahari da ita. Kada ka sake yi mata dariya."

Ya daina dariya. Kafin ya goge aka yi sallama da shi a waje, wani ya kawo firiji, ya ajiye wayar a buɗe ya fita. Mama ta zo kwashe kofuna. Ba ta buƙaci karatu ba kafin ta gane rubutun hannunta, da hoton Malama a sama, da fuskokin da ke dariya har da hawaye.

Da ya dawo ya tarar tana bin ɗaki ɗaki tana ɓare takardun, tana dunƙulewa a hannu.

"Mama, wallahi laifina ne ni kaɗai. Ita faɗa ma ta yi min. Bari in karanta miki."

"Baki naka, waya taka. Ai abin da ka ga dama za ka karanta min."

"To a kira Yaya ta karanta miki."

"In ƙara tara wa kaina 'yan kallo?" Muryarta ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi ba shi tsoro. "Na girma, na aurar, na riƙe mutane, sai yau yara biyu za su mai da ni abin nishaɗi. Aji na bar shi. Maganar yarinyar nan ma ka bar ta. Ba zan zauna da surukar da ta san duk inda nake tuntuɓe ba. In aure kake so, ga 'yar aminiyata nan mai aikin asibiti."

Malama ta zo gidan har sau biyu. Na farko aka ce Mama ta kwanta. Na biyu Mama ta amsa gaisuwa a taƙaice, idonta a kan ɗinkin da ke cinyarta, har Malama ta gaji da durƙuso ta tashi. Da labari ya kai kunnen Baba, magana ɗaya ya yi: gidan da uwa ba ta so, ba ya kai 'yarsa.

Da yamma saƙonta ya shigo wa Auta.

"Ɗan Makara, ka dakata da zuwa. Aure in da rabo za a yi. Abin da ya fi damuna karatun Mama, ta kusa tsallake wuri mai wuya. Akwai wata malama da ke ajin safe, ka lallaɓa ta ta koma can. Ba sai ta ganni ba."

"Ni fa, Malamata? Wa zai lallaɓa ni?"

"Kai ka jawo mana. Ka yi haƙuri kamar yadda nake yi."

Ya kai wa Mama maganar ajin safe, ta ce ba ta so. Gida ya yi tsit. Auta yana fita aiki yana dawowa, abinci sai ya tsakura ya ture. A aji kuwa matan suna ta tambayar ina Mama Tela, Malama tana cewa uzuri ne ya riƙe ta.

Makonni suka shuɗe. Wata rana a shago wayar Mama ta yi ƙara. Ta ɗaga za ta miƙa wa ɗaya daga cikin ma'aikatanta kamar yadda ta saba, sai idonta ya sauka a kan rubutun. Za. Zan. Zan zo gobe. Ta tsaya da wayar a hannu. Ta sake bi a hankali, maganar ba ta sauya ba. Ba wanda ya faɗa mata, ita ta gani.

"Mama, in karanta miki?" in ji ma'aikaciyar.

"Bar shi. Mai leshin nan ce, gobe za ta zo."

Ta koma gaban kekenta. Can ta ja aljihun keken, ta ɗauko ragowar manne-mannen da ta cusa a ciki, ta yafa mayafi ta nufi gida. Ta tarar da Auta a tsakar gida yana kwance wata tsohuwar fanka.

"Maganar da ka ce yarinyar nan ta rubuto, tana nan?"

"Hoton na goge, Mama. Amsarta tana nan."

"Buɗo min. Ka fita, kada ka shigo sai na kira ka."

Ta zauna a gaban teburin falo. Rubutun waya ƙanana ne, suna cakuɗe mata, sai ta manna takarda ɗaya a kan gilashin wayar ta rufe komai, ta bar kalma ɗaya tak a buɗe. Ta kwafe ta da manyan baƙaƙe a wata takardar, ta manna a tebur, ta matsa gaba. Go-ge. Ho-ton. Nan. Wasu kalmomin suka zo mata da sauƙi, wasu sai da ta yi ta juya su a baki. Ƙoƙari ta ba ta wuya saboda ƙugiyoyinta. Alfahari kuwa sai da ta raba ta gida huɗu kafin ta miƙa wuya. Rana ta karkata, layin rawaya ya kai bakin tebur ya juyo.

Sannan ta bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, a bayyane, da muryarta.

Ta share ido da gefen mayafi, ta ƙwala wa Auta kira. Yana shigowa ta kama kunnensa ta murɗe.

"Wayyo Mama!"

"Ashe kai kaɗai ne mara kunyar. Yarinya tana kare mutuncina, ni ina shanya ta a durƙushe."

"Ai na faɗa miki."

"Ka faɗa, amma yanzu ni na karanta."

Washegari ana tsakiyar darasi aka ga mutum a bakin ƙofa. Mama Tela ce, da jakarta a hammata.

"Malama, ɗaliba ta yi fashi. A ba ta izinin shiga?"

Matan suka kaure da murna. Malama ta matsa ta nuna mata wurinta.

Bayan an tashi suka rage su biyu. Malama ta zo za ta durƙusa, Mama ta riƙo hannunta ta zaunar da ita a gefenta, a kan ɗan bencin yara.

"Na zalunce ki, 'yar nan. Ki yafe min."

"Haba Mama, ba ki yi min komai ba."

"Na yi. Tsoro ne ya kama ni. Na ce wadda take gyara min kuskure a aji, yaya za ta gan ni da girma a gida?"

"Mama, kullum na ga kin shigo ajin nan girmanki ƙaruwa yake a idona. Mutane da yawa sun gwammace su mutu da abin a ciki da su zauna a bencin nan."

Mama ta jinjina kai. "To ki gaya wa mahaifinki, ƙanena zai zo wajensa. Ni ma zan zo wajen mahaifiyarki da ƙafata."

Kafin Malama ta isa gida saƙo ya riga ta.

"Malamata, an ce an janye min dakatarwa?"

"An janye, Ɗan Makara. Amma kana ƙarƙashin sa ido."

"Har abada ma na yarda."

Baba bai ja zance ba da ya ga uwar da kanta a falonsa. Aka sa lokaci. Kayan amarya Mama ce ta ɗinka da hannunta, ba ta bar kowa ya taɓa ba. A wajen ɗinkin ne ma ta dubi ma'aikatanta ta ce, "Ƙanwata lafiyarta ƙalau, makaranta nake zuwa. Mai son zuwa ta biyo ni." Biyu suka biyo ta.

Ranar ɗaurin aure matan ajin suka cika gida, kowace tana cewa 'yarta ce ake aurarwa. Da aka kawo amarya, Mama ta zaunar da su biyun a gabanta, ta ɗora hannu a kan kowannensu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari, ya sa ku rufa wa juna asiri. Kai kuma Auta, ka riƙe min ita da kyau, in ka ɓata mata rai da ni kake."

Aka amsa da amin. Auta ya saci kallon amaryarsa, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Har Mama ta miƙe za ta fita, sai ta juyo daga bakin ƙofa.

"Af, Malama, hutun amarcin nan kada ya yi tsawo. Kin san a kan baƙaƙe masu ƙugiya muka tsaya."