A Bar Malam Maiwada a Ɗakinsa

Goggo Adama ta dangwarar da faifan hannunta a tsakar gida. "Mi kika ce? A bar yayana kwance ya mutu?"

Fa'iza nas ce a Jega, saura wata biyu aurenta da Naziru, ɗan Malam Maiwada manomin albasa na Aliero. Ciwon daji ya cinye hantar tsohon, likitoci sun ce ba sauran magani, amma dangi na shirin kai shi asibiti na huɗu.

"Goggo, ba watsar da shi za a yi ba," Fa'iza ta ce a hankali. "Akwai kulawar da ake yi wa wanda ciwonsa ya fi ƙarfin magani. A rage masa zafi, a gyara masa kwanciya, ya kasance cikin iyalinsa."

"Ba ki shigo gidan ba, kin fara yi muna fatan mutuwa! Naziru, in ka auri yarinyar ga, ba ni ba kai!"

Naziru ya raka ta bakin titi, kansa a ƙasa. "Sori, Fa'iza, ki ɗan ba ni lokaci." Kwana tara bai ɗauki wayarta ba. Ta sha kuka, amma ba ta janye maganarta ba.

Ranar da aka kawo motar kai shi asibitin, Malam Maiwada ya riƙe gefen gado gam. "Kowa ya faɗi tasa, ni ba wanda ya tambaye ni. Na gaji da hanya. Ku kira mini ɗiyar nan Fa'iza."

Kullum da safe Fa'iza ke zuwa da maganin da likita ya rubuta. Ta koya wa Goggo juya shi da jiƙa masa leɓe da auduga. Tsohon ya samu barci. Ya aika Karaye aka kira ƙanensa Buba, wanda suka shekara bakwai ba sa magana, suka yafi juna.

Mako biyar ya yi. Ya cika bayan Azahar, Naziru na biya masa kalmar shahada.

Bayan sadakar arba'in Goggo ta je Jega da ƙafarta. "Ɗiyata, na zalunce ki. Ki yafe mini." Ita ta tsaya a kan hidimar bikin da aka ɗage saboda rasuwar, har aka kai amarya.

Idan magani ya ƙare, kulawa ba ta ƙare ba. Wanda ke son majinyaci ya tambaye shi abin da yake so, kuma mai faɗin gaskiya ya yi haƙuri, ba zai taɓe ba.