Aron Murya

Hoton talla ne ya kai shi wani shagon ɗaukar hoto. Ya buga littafinsa na farko, kwalaye sun cika ɗakin mahaifiyarsa har tana cewa sun hana ta shara, amma ko mutum goma ba su saya ba. A kantin maganin da yake aiki, Marubuci suke kiransa, rabi girmamawa rabi tsokana.

'Yar mai shagon tana gaban kwamfuta tana gyara hoton wasu jarirai ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa. Me za a ɗauka?"

Ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. I'ina gare shi tun yana yaro, kuma ta fi tsananta in gabansa ya faɗi. Sai kawai ya miƙa mata littafin.

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe shafin farko, ta soma karantawa a fili, a nutse. Ya tsaya kamar an dasa shi. Bai taɓa jin kalmominsa sun fito sumul haka ba.

"Kai ka rubuta wannan?" Ya gyaɗa kai. "To hoto ba zai sayar da shi ba. Yanzu gajeren bidiyo ake yi, ka karanta wuri mai daɗi, ka yanke inda zai bar mutum da ƙishi."

"Ba... ba zan iya ba."

"Sai ka kawo hannu, ni in ara maka murya."

Haka suka fara. A bidiyon ba a ganin komai sai hannunsa yana buɗe shafi a kan teburin shagon, muryarta tana bi. Kafin wata ya ƙare, saƙonnin masu neman littafi sun hana wayarsa hutawa. Amma saƙo ɗaya yake jira kullum, nata.

"Alƙalamina, ka ci abinci kuwa, ko shahara ta ƙosar da kai?"

A rubutu ba shi da i'ina, don haka ya amsa: "Muryata, in ban ji ki ba ko ruwa ba ya wucewa. Ina sonki. A baki zai ɗauke ni yini guda, shi ya sa na rubuta."

"Na ji. Ni ma haka. Amma wata rana sai ka faɗa da baki, ko yinin ne zan jira."

Sai ga wani mai tallan turare, wanda mabiyansa suka fi nasu yawa nesa ba kusa ba. Ya bi murya har shago, ya zauna da Babanta, mai shagon, ya zuba zance kamar famfo, wai aurenta yake nema. Ya kuma saka bidiyo yana cewa ya gano marubuciyar littafin nan, zai kawo ta shafinsa kwanan nan. Jama'a suka ɗauka ita ce ta rubuta.

Marubuci ya gani. Ba littafin ne ya dame shi ba. Ya kashe waya, ya daina bi ta layin shagon.

Ita ta same shi a kanti, yana jera kwalabe.

"Fushi kake da ni a kan abin da ba ka tambaye ni ba? Na ce masa ba ni ba ce, na ce kuma an riga shi. Baba ne ya ce ka zo."

Ya je. Ya durƙusa ya gaida dattijon, aka tambaye shi abin da ke tafe da shi, harshe ya ƙi. Baba ya jira, ya gaji, ya ce, "Yaro, i'ina ba laifi ba ce. Amma ka ɓuya bayan 'yata, ita ke magana, ita ake nunawa da yatsa. Gobe in wani abu ya taso a gida, ita za ka tura gaba? Tashi ka je."

Ya koma gida ya faɗa wa mahaifiyarsa. Ta dube shi ta ce, "Gaskiya ya faɗa maka. Ni da na haife ka ina jiran maganarka har ta fito, ban taɓa mutuwa ba."

Washegari ya jingina wayarsa da kofin shayi, ya juyo da kyamara fuskarsa. Ya ce shi ne ya rubuta littafin, yana da i'ina, wata baiwar Allah ce ta ara masa murya, kuma ita yake fatan ya aura. Ya yi tuntuɓe a kusan kowace kalma. Bai yanke ko ɗaya ba. Ya saka, ya kife wayar, ya tafi aiki.

Da rana saƙonta ya shigo: "Alƙalamina, na yi kuka har kwastoma ya ba ni haƙuri. Mutane sai addu'a suke maka. Baba ya kalla, ya sake kalla, ya ce ka dawo."

Ya sauke wata ajiyar zuciya har abokin aikinsa ya waiwayo.

Wannan karon Baba kujera ya jawo masa. "Zauna, ɗana. Faɗi a hankali, ba inda za mu je."

Ya faɗa. Ya ɗauki lokaci, amma ya kai ƙarshe da kansa, tana bayan labule tana murmushi.

Ranar ɗaurin aure, mahaifiyarsa ta rungume amarya. Baba ya dafa kafaɗar ango, ya ce, "Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku riƙa sauraron juna har tsufa."

Ango ya ce amin, a hankali, kowa ya jira shi.