Cikin Fari a Ɗakin Hoto

"Ke za ki hwaɗa mishi, Bara'atu! Ba ke ka aiki da shi kullum ba?"

"Ni? Yaya Mannir, mahaihinka na fa! Da wane baki zan dubi surukina in ce mishi ina da ciki?"

Mannir, mijin Bara'atu, ya ajiye jakarsa ya zauna a bakin gado. Yanzun nan ya sauka daga motar Tsafe, inda yake koyarwa, ko ruwa bai sha ba rigimar makon jiya ta dawo sabuwa.

Bara'atu ma'aikaciyar ɗakin hoton ƙashi ce a wani asibiti a Gusau. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya: duk macen da ta samu ciki ta sanar da shugaban sashe, a nisanta ta da injin ɗaukar hoton, domin hasken da yake fitarwa ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa jiki har ya taɓa ɗan tayi. To, shugaban sashen nan ba kowa ba ne illa Likita Adamu, uban mijinta. Kuma ciki na fari ne, wanda mace take ɓoye wa ko uwar da ta haife ta.

"Masoyiyata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi..."

"To kai ka tone mana! Ba ɗanai kake ba?"

Ya sosa ƙeya. Jarumin da yake tsawata wa ɗalibai har su yi tsit, ga shi an ambaci ubansa ya koma kamar kazar da ruwa ya daka.

"Wallahi ban iyawa. Da Inna na da rai da magana ta ƙare." Ya kamo hannunta. "Mu jira Gwaggo Salma ta zo daga Nahuce in an gama girbi. Ita ta san yadda za ta shigar da zancen."

"In wani abu ya samu ɗan ga fa?"

"Ba ke kin ce bayan bango kike tsayawa in za a ɗauka ba?"

Gaskiya ne, bayan bango take tsayawa. Ta kwantar da kai a kafaɗarsa, tsoro fal zuciyarta, amma ta yarda don tana son sa, kuma ita ma uzurin ya yi mata daɗi.

Girbi bai ƙare ba, wata babbar mota ɗauke da 'yan kasuwa ta kife a hanyar Bungudu. Kafin azahar barandar asibiti ta cika da karyayyu, yawancinsu mata. Mai raɗaɗin karaya ba ya kwanciya shiru, hoto kuwa ba ya fita sai an tsaya cak. Dole wani ya shiga ya riƙe. Matan kuma suka ce namiji ba zai taɓa su ba.

Likita Adamu ya leƙo. Idonsa a ƙasa ya yi magana.

"Ɗiyata... ko kina iya shiga ki riƙe muna su?"

Maganar ta zo mata har leɓe. Kalma uku ce kawai! Ta dubi furfurarsa, ta dubi ma'aikatan da suke tsaye suna saurare, sai kunya ta hana ta.

"To, Baba."

Ta ɗauki rigar dalma, wadda ake sawa don tare hasken. Tsohuwa ce, duk ta tsattsage daga ciki, kowa a sashen ya sani. Haka ta wuni tana danne kafaɗu da ƙafafu, injin yana ƙara a gefenta. Washegari ma haka, da ranar da ta biyo, don wanda ya ce to a ranar farko ba ya da bakin cewa a'a a ta biyu.

Ba ta gaya wa Mannir ba. Da ya kira daga Tsafe sai ta ce aiki ne ya yi yawa.

Bayan 'yan makonni, tana tsaye tana shanya da hantsi, ta ji mararta ta murɗa. Da ta duba ƙafarta ta ga jini, sai ta zauna a wurin ta fasa kuka, don ta riga ta gane.

Likita Dorcas, likitar mata, ita ta karɓe ta. Bayan an gama komai ta zauna kusa da ita, ga Mannir tsaye ido jajir.

"Bara'atu, ki saurare ni. Ciki yana zubewa ko mace ba ta taɓa ganin injin ba. Babu mai rantse miki cewa shi ne sanadi."

"Akwai mai rantse min cewa ba shi ba ne?"

Dorcas ta kauda kai.

Mannir ya durƙusa a gaban gadon. "Ni na kashe shi, abar ƙaunata... ni na ce mu jira!"

"Bari, Yaya. Ni na shiga da ƙahwata."

Suna cikin haka aka yi sallama. Likita Adamu ne, ba farar riga, hularsa a hannu. Bara'atu ta ja mayafi ta rufe fuska. Mannir ya miƙe, kuma yau, da babu sauran abin karewa, bakinsa ya buɗe.

"Baba... ciki gare ta. Jikanka na ya tahi."

"Na sani."

Mannir ya ɗago kai ya dube shi.

"Na sani, Mannir. Likita nike, ba makaho ba. Tun tana kauda kai daga warin magani na gane." Ya matse hular da ke hannunsa. "Kullum in ce yau zan tambaye ta, kullum nauyi ya hana ni. Ina surukinta, in tambaye ta wanga zance?"

"To don mi kunka sa ta shiga, Baba? Don mi?!"

Tsohon ya dafa ƙarfen gado, hawaye suna bin gemunsa.

"Dabara na yi, ɗana. Na ce in da gaske akwai ciki, za ta kawo wani uzuri, in ɗauke ta daga wurin ba tare da kowa ya ji kunya ba. Jira nike ta ce kanta na ciwo... ko mi ta ce, da na karɓa." Ya juyo wajen gadon. "Da kinka ce to, ɗiyata, sai na ɗauka ni na yi kuskure."

Bara'atu ta sauke mayafin a hankali, ta dube shi ido cikin ido.

"Baba, ni kuma jira nike ku ce in fito."