Ragowar Ruwan Amma

Kowace safiya Amma Sarojini kan ɗauki butar tagulla ta shayar da tulasi, wata shuka mai tsarki da ke tsakar gida, kamar yadda uwarta ta koya mata. Gefensa akwai tukunyar furen kariya, wanda ɗanta Bijesh ya kawo wa amaryarsa Lekha daga birnin Salala a ƙasar waje, inda yake aikin walda. Ranar da zai koma ya ja wa Lekha kunne a ɗaki, kada ta ba furen ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas.

Da damina ta sauka a jiharsu ta Kerala, Lekha ta ja tukunyar ƙarƙashin rumfa, kwana goma ko ɗigo ba ta zuba ba.

Abin ya tsaya wa Amma a rai. A gidan nan, shukar da ake ƙauna kullum ake shayarwa. Sai ta shiga juye wa furen ragowar ruwan tulasi a ɓoye.

Gindin ya yi laushi, ya fara wari. Lekha ta taɓa ƙasar ta ji ta sharkaf, ta gane aikin waye. Ta tumɓuke shi, ta yanke ruɓaɓɓen, ta shafa kurkum, ta rataye a inuwa ya bushe. Ita kuwa Amma Sarojini ta ɗauki hoton furen a tumɓuke ta tura wa ɗanta.

"In kin gaji da auren ne, Lekha, ki faɗa mini," in ji Bijesh a waya.

"Ban gaji ba. Ka dai ba ni wata uku."

Ya kashe wayar, bai sake kira ba. Baiwar Allah ta sha kuka, har ta rame. Ta sake dasa furen cikin yashi da gawayi, ta ci gaba da shafa wa Amma mai a gwiwa.

Bijesh ya dawo bikin girbi na Onam fuska a murtuke, ya tarar da jajayen furanni uku a tsakar gida. Amma ce ta fara zubar da hawaye.

"Ni na kusa kashe shi, ɗana. Ta sani sarai, amma ba ta taɓa tona ni ba."

A gaban uwarsa ya nemi gafarar matarsa.

Iyaye, ko don ƙauna ne, yawan sa hannu na ruɓar da auren 'ya'ya. Haƙurin Lekha ne ya ceci wannan. Washegari Amma ta tsaya gaban furen da ragowar ruwa a buta. Ta daɗe a tsaye, sannan ta wuce ta juye wa ayaba.