Takalmin Da Aka Tsinto A Gashaka

Shekara talatin ke nan Manga yana riƙe da wata magana da ya kamata ya faɗa wa Tobiya, amma bai faɗa ba.

A 1994 ne mawaƙan cocinsu na unguwar Sintali suka je kallon namun daji a Gashaka. A cikin motar ya fara ganin Roseline, ta miƙa masa gyaɗa tana murmushi. Tobiya, wanda mahaifinta ya zaɓa mata, yana zaune a bayansu.

A bakin kogi ta ce, "Manga, dorinar nan ta yi nisa. Ni kusa nake son gani."

"Ko zaki kike so, Roseline, zan kai ki."

Suka sulale daga wajen jagora, Tobiya ya bi su yana roƙon su dawo. Sai ga ɓauna ta fito daga ciyawa. Manga ya saki hannunta ya ruga, har takalminsa ɗaya ya fita. Tobiya kuwa ya cire riga yana kaɗawa, ya ja dabbar zuwa kansa. Ta banke shi, ta karya masa ƙafa.

Baba Matiyu, mahaifinta, tsohon soja ne, ba ya jure matsoraci. Kafin ya kira su don jin yadda abin ya faru, Roseline ta aiko wa Manga wasiƙa:

"Masoyina, na ga gudunka, amma kai nake so. Gobe ka yi shiru, ni zan yi magana."

Washegari ta durƙusa ta ce, "Baba, Manga ne ya tsaya. Tobiya gudu ya yi, ya faɗa rami."

Tsohon ya dubi Tobiya da ke dogare da sanda. "Haka ne?"

Tobiya ya daɗe yana kallonta. "Roseline ba ta ƙarya, Baba."

"To fita mini daga gida, mai ɗingishin banza!"

A watan Disamba aka ɗaura auren Manga da Roseline. Baba Matiyu ya dafa kansu ya sa albarka. A cikin kyaututtuka akwai wani ƙunshi marar suna. Da suka kwance, takalmin ne, an goge shi tas. Roseline ta jefa shi ƙarƙashin gado.

Sun zauna lafiya, sun haifi huɗu, abin da ya fi ci wa Manga rai ke nan. Tobiya kuwa, har yaran da ba a haifa ba a lokacin suna yi masa ihun "Ɓauna ta zo!"

Ranar Asabar ɗin nan Manga ya ɗauko takalmin.

"Ina za ka, Baban Joan?" in ji Roseline.

"Inda ya kamata na je tuntuni."

Ba ta hana shi ba. Ya iske Tobiya a shagonsa na ɗinki, maza shida suna hira a kan benci. Ya ajiye takalmin a kan keken ɗinkin, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni ne na gudu. Wannan mutumin shi ya tsaya. Na gode, Tobiya."

Tobiya bai daina taka keken ba.

"Baba Matiyu ya rasu, ai," ya ce. "Matsa, ka tare mini haske."