Ka Ce Japan Ta Ci Yaƙi

Chizuru na cikin zuba wa mahaifinta shayi ta ambaci wanda take so, ya daki tebur.

"Rinzo? Mai kiwon tsutsar siliki? Da silikinsa fa Amurkawa suka ɗinka lemar dirar sojojinsu!"

"Baba, kiwo ya yi ya sayar. Kai ka san wanda ya sa audugarka?"

"Rufe min baki!"

Haka muke a garin Bastos bayan yaƙin duniya, mu Japanawan da noma ya kawo Brazil. Wasu sun yarda an ci mu. Wasu kuwa, irin tsoho Otokichi mahaifin Chizuru, sun rantse mu muka yi nasara, wai jirgin ruwa ma yana tafe ya kwashe mu gida. Taurin kai dai ba a magana!

Da Rinzo ya zo neman aure, tsohon ya ce, "Ka tsaya gaban jama'a ka ce Japan ta ci yaƙi, in ba ka ita."

Kafin Rinzo ya buɗe baki Chizuru ta faɗo ɗakin, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Rinzo, in ka faɗa, ni ce ba zan aure ka ba! Baba, ba zan gudu ba, ba kuma zan auri wani ba. Ina nan!"

Rinzo ya sunkuya. "An ci mu, Baba. Ni ma ƙanena ya mutu a can."

Aka kore shi. Wasu marasa imani suka cinna wa rumfar tsutsarsa wuta, ya sake kafa wata. Ƙawaye suka yi ta aure, ana yi wa Chizuru dariya, ko a jikinta.

Otokichi ya sayar da gonarsa, ya tafi tashar jiragen ruwa ta Santos jiran jirgin da masu cewa an yi nasara suka yi musu alkawari. Shiru, shiru. Can Chizuru da Rinzo suka je suka same shi zaune kan akwatinsa a bakin teku, ya rame, abin tausayi.

Rinzo ya ɗauki akwatin a kafaɗa.

Tsohon ya ce, "Ba za ka ce ai ka faɗa min ba?"

"A'a, Baba. Mu je gida."

"Wane gidan?"

Chizuru ta riƙe hannunsa. "Wanda za ka ba mu izinin ginawa."

Tsohon ya fashe da kuka, ya gyaɗa kai.

Yanzu shi ke tsinko wa tsutsotsin ganye, jika a kafaɗa, yana mita wai sun cika ci. Ku duba, 'yan'uwa: wanda ya ƙi yi maka ƙarya don ya sami 'yarka, shi zai ɗauki kayanka ranar da maƙaryata suka watse.